Ƙishin-ƙishin Da Na Kai Zauren Ganuwa

Litinin, 8 ga Satumba, bayan La'asar

Matata Hajiya Mairo ce ta ba ni wannan littafi. Ta ce tun da na ajiye aikin safiyo, wato awon filaye, nake bin ta cikin gida da labari, daga madafa zuwa bakin famfo, gara in riƙa zuba wa takarda, ita ba ta da tukunya bisa wuta. To, ga ni.

Yau Faruk ya zo. Shi ne abokin aikin babbar ɗiyata, su biyu suka ƙera wasan nan na waya da suka sa wa suna Ganuwa. Ba zan rubuta sunanta ba. Ɗiyar fari ce, mu kuwa a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka ba a kama sunan ɗan fari, ba a yabonsa gaban jama'a, ba a ma nuna an lura ya shigo. Mahaifina har ya koma ga Allah "kai wannan" yake ce mani. Ni ma shekara talatin da ɗaya ke nan ina ce mata "waccan", tana amsawa.

Wasan, labaran kakata ne da na riƙa ba yara a tsakar gida, ashe waccan tana tarawa. Mutum na yawo cikin tsohon birni ƙofa zuwa ƙofa, ana aikensa, yana sasanta mutane. Akwai wata tsohuwa a ciki, Iya Mai Makulli, mai tsaron ƙofa, mai baƙar magana. A ƙarshen wasan takan fita bayan ganuwa, ba ta dawowa. 'Yan wasa sun fi sonta da kowa.

Suna da guruf a waya, Zauren Ganuwa, mutum wajen ɗari huɗu. Shekara biyu ina ciki da sunan Tsoho. Na shiga ne don in ji me ake cewa kan aikinta, tun da ba zan iya tambayarta ba. Da tafiya ta yi tafiya suka mai da ni alƙali, duk gardama sai a ce a jira Tsoho. A cikin 'yan zauren, Sada kaɗai, shugabansu, ya san Tsoho shi ne Malam Badamasi Safiyo, don shi ke ɗinka mani kaya a Ƙofar Kwaya. Shi ɗin ma bai san ɗiyar wa ta yi wasan ba. Sunan kamfani kawai ke jiki.

Faruk ya ce ran sha tara ga wata za su saki ƙarin wasa, Bayan Ganuwa. Ba rediyo, ba allon talla, ba su son hayaniya. Za su sa wata kullalliyar ƙofa a jikin ganuwar ba tare da bayani ba. Abin da ya rage, wani da aka yarda da shi ya ce ya ji ƙishin-ƙishin akwai wani abu a bayanta. Ni yake nufi, ko ta ina ya gano ni ne Tsoho ban sani ba. Shi ke nan.

Na tambaya ko waccan ta sani. Ya ce aiki ya yi mata yawa. Ban ƙara tambaya ba.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Ƙofar ta bayyana jiya. Zaure ya kama kamar an watsa wa kaji tsaba. Wani ya ce kuskure ne, wani ya ce wayarsa ce ta lalace, Abbas mai keke Napep ya rantse ya ji ana tari a bayanta.

Na bari suka gaji, sannan na danna na yi magana. Na yi sallama, na gaishe su da ruwa, na ce ni dai tsoho ne, kunnena ba ya da kyau, amma an ce mani akwai gari guda a bayan ƙofar nan, kuma ba za a kai ƙarshen wata ba sai an buɗe. A nan ya kamata in tsaya. A nan Faruk ya ce in tsaya.

Sai Malama Iklima, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta rubuto: "Tsoho, don Allah, Iya tana can?"

Kakata idan ta ga mun fara gyangyaɗi sai ta jefo kura cikin labari ko da babu ita a asali. Idan kuwa ta ga idonmu ya buɗe, sai ta ƙara wa kurar ɗiya. A hannunta na tashi. Mutum ɗari huɗu sun buɗe ido suna kallon bakina.

Na ce an ce mani an ga inuwarta.

Laraba, bayan Magariba

Shekara talatin da biyar ina awon filaye, ban taɓa ƙara wa kowa taku guda ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan an sauko

Sada ya ɗinka hula mai hoton makulli ya sa a zaure. Abbas ya yi wa Iya baitocin maraba, ba su da kyau, amma da zuciya ɗaya ya yi. Malama Iklima ta ce Iya na tuna mata da gwaggonta da ta rene ta, ta ce ranar da tsohuwar ta fita a wasan sai da ta kife wayar.

Faruk ya bugo yana murna, wai maganar ta fita har zaurukan Funtua da Zariya. Can ƙarshe ya ce, amma Baba wannan zance na Iya fa? Na ce ai gishiri ne, kowa ya san labari ba ya tafiya ba gishiri. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ni ma haka.

Da na ce mashi a gyara tun yau, da an gyara.

Lahadi, 14 ga Satumba, da safe

Ruwa tun Asuba. Ban fita ba, ban buɗe waya ba.

Talata, 16 ga Satumba, bayan Azahar

Waccan ta zo gaishe da uwarta. Ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗakina ta gaishe ni, na amsa ina duban jarida kamar kullum. Idanunta sun faɗa, ta rame. Hajiya ta ce wata tara suna kan wannan aiki.

Na so in ce wani abu. Abin da ya fito shi ne, a ce wa waccan ta ɗauki lema, hadari ya taso.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan La'asar

An buɗe ƙofar.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Zangon fatake ne a bayanta, da masu gishiri da jakunansu, da wata rijiya da ake rigima a kanta, har da makahon nan mai gane mutum da takunsa, wanda na ba su labarinsa tun waccan tana aji uku. Ban san ta riƙe ba. Na daɗe ina kallon wurin.

Mutane da yawa sun saya tun da safe, ba su jira jin ta bakin kowa ba. Abbas ya rubuta cewa tun da Tsoho ya faɗa ai an gama.

Babu Iya. Na san babu, amma sai da na zagaya zangon nan sau biyu ina leƙa bayan bukkoki, kamar wani ne ya ba ni labarin.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Zaure ya ɗau zafi. Ba ni suke zagi ba. Kamfani suke zagi. Sun ce su suka saki maganar Iya da gangan don a saya, suka yaudari har dattijo irin Tsoho. Wani ya ce a ba Tsoho haƙuri, an yi amfani da furfurarsa. Wani ya kira masu wasan da sunan da ba zan rubuta ba.

Ina zaune kan tabarma ina karantawa. Na danna wurin magana sau uku, sau uku ina sakewa.

Hajiya ta ce me ya sa ban taɓa kunun ba. Na ce ya yi tsami. Ta ce yau ta dama shi.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan Azahar

Sada ne ya fara kai ƙarshen ƙarin wasan. A ƙarshe akwai rubutu da ke hawa sama, sunayen waɗanda suka yi aiki. Wannan karon waccan ta sa sunanta. A ƙarƙashi kuma ta rubuta godiya ga mahaifinta, Malam Badamasi Safiyo na Ƙofar 'Yandaka, wanda duk labaran nan daga bakinsa suka fito.

Ba ta gaya wa kowa za ta sa ba, har Faruk. Hajiya ta ce so ta yi in gani da idona in ji daɗi.

Sada ya ɗauki hoton rubutun ya sa a zaure. Bai yi zagi ba. Layi ɗaya ya rubuta: "Tsoho, wannan Malam Badamasi Safiyon, kai ne ko wani ne?"

Ban amsa ba.

Litinin, 22 ga Satumba, da safe

Ban amsa ba.

Talata, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Suna fita. Wayar kan nuna wane ya fita, wance ta fita, kamar ana tashi daga zaman makoki ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage sun koma tono tsofaffin maganganuna na shekara biyu. Duk inda na ce wani wuri ya yi kyau, sai a ce ga shi nan, dama ɗan talla ne aka dasa mana. Ba wanda ya tono ranar da na ce hoton Ƙofar Kwaya ya karkace, na yi kwana uku ina mita har aka gyara. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da haka zan tona.

Malama Iklima ta rubuto mani ni kaɗai. Ta ce ba sayen da ta yi ke damunta ba, zangon ya yi kyau, za ta iya yabonsa a gaban kowa. Ta ce ta ba ni labarin gwaggonta ne don ta ɗauka ni da ita duk 'yan kallo ne. Ta ce Allah ya ba da lafiya. Sannan ta fita.

Na tuna wani mai labari da yake zama gindin wata bishiyar bedi kusa da Babbar Kasuwa muna yara. Ƙarya yake shararawa tun safe har yamma, raƙumi mai magana, rijiya mai tafiya, ba wanda ya taɓa jin haushinsa, don kafin ya fara yakan tafa hannu ya ce labari ne. Ni ban tafa ba. "An ce mani" na ce.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan Magariba

Waccan ta zo. Ta gaishe ni daga bakin ƙofa, na amsa. Ta koma tsakar gida wajen uwarta, ta zauna daidai inda ta san ina ji, tana taya ta gyaran zogale.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa uwarta ta san Baba na cikin zauren tun watan farko, ta gane yadda yake jan sallama, ba ta faɗa ba don kada ya ji kunya ya fita. Ta ce duk ranar da aiki ya ishe ta takan buɗe ta ji me Tsoho ya ce. Ta ce ita da Faruk sun yi faɗa, ya rantse bai ce a ambaci Iya ba.

Daga ɗaki na ce wa Hajiya, a gaya wa waccan gaskiya ya faɗa.

Sai waccan ta ce wa uwarta ran Asabar za ta fitar da takarda da sunan kamfani, ta ce su suka ba Tsoho labarin Iya, kuskurensu ne, shi abin da aka gaya mashi ya isar. Hajiya ta ce ai ba haka aka yi ba. Waccan ta ce, "Inna, kamfani ana zaginsa ya tashi. Baba a unguwar nan yake zuwa masallaci."

Na ji ƙarar ganye cikin tire. Na ji ta yi sallama ta tafi. Jaridar da ke hannuna ta makon jiya ce.

Alhamis, 25 ga Satumba, da safe

Idan ta yi haka, duk ƙofar da za ta ƙara buɗewa nan gaba za a ce ƙarya ce a bayanta. Aikin wata tara. Shekara huɗu in an haɗa da na farko.

Jibi ne Asabar.

Alhamis, bayan La'asar

Na tafi Ƙofar Kwaya da ƙafa. Na iske Sada bisa keke yana ɗinkin wata shadda ruwan ƙasa. Hular makullin tana rataye a ƙusa. Ya tashi ya ba ni benci, muka gaisa yadda ya kamata, gida, iyali, ruwa, kasuwa, gajiya, bai rage ko ɗaya ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Na gaya mashi komai daga zuwan Faruk. Na ce Iya ni na ƙirƙiro, yarinyar ba ta san an zo wurina ba. Ya saurara yana warware zare. Ya ce shi abin da ya kasa ganewa, shekara biyu ina zama kan wannan benci ana auna ni muna hirar Ganuwa, me ya hana in ce ɗiyata ce? Ya ce da sun sani da sun ƙara son wasan, da sun riƙa tsokanata, in na yaba su rage rabi su karɓi rabi, kowa ya san inda ya tsaya.

Na ce ɗiyar fari ce, Sada. Ba a faɗa.

Ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne, uwarsa har yau "mai keke" take ce mashi. Ya gyara zaren, bai dube ni ba, ya ce: "Amma Malam, ka ji kunyar ka ce ɗiyarka ce, ba ka ji kunyar ka ce mana an ce maka ba."

Wani ya shigo karɓar wando, na matsa mashi.

Da zan tafi ya ce idan zan yi magana a zaure, kada in ce "masu wasan" ko "wata yarinya". Sun gaji da an ce da wani da wata. In faɗi ko wace ce, in faɗi abin da take a wurina, da bakina. Na ce ko a rubuce? Ya ce da murya na yi ta farko.

Juma'a, 26 ga Satumba, da hantsi

Na rufe ɗaki na gwada. Sunan ya ƙi fitowa. Ni na raɗa mata shi a kunne ranar da aka haife ta, daga nan ban ƙara ba. Hajiya ta ƙwanƙwasa ta ce da wa nake magana. Na ce da bango. Ta ce to bangon ya yi haƙuri, ita ta huta.

Juma'a, bayan an sauko

Na aika. Minti huɗu. Ban sa gishiri ba, ban taɓa jin magana ta fita bakina salam haka ba.

Na ce ni ne Badamasi Safiyo. Na ce an roƙe ni in ce akwai abu bayan ƙofa, na yarda, bai kamata in yarda ba ban gaya masu ko ni wane ne ba. Na ce ba wanda ya ce mani an ga inuwar Iya, ni na gan ta a idanunsu na miƙa masu. Na ce ranar da suke zagin kamfani ina ji na yi shiru, wannan ya fi na farkon muni. Sannan na faɗi sunanta, na ce ɗiyata ce ta fari, ba ta san komai ba sai da ya fashe, kuma aikin da ta yi mai kyau ne, wannan uba ne ke faɗa, su rage rabi.

Na ce su nemi wani alƙalin.

Asabar, 27 ga Satumba, da safe

Takardar kamfani ba ta fito ba. Alhamdu lillahi.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan Azahar

Wasu sun dawo, ba duka ba, ba ma rabi ba. Abbas ya ce ya yafe amma a biya shi baitocinsa, aka yi dariya, ita ce dariyar farko a zauren cikin kwana goma. Sun canza mani suna daga Tsoho zuwa Baban Kamfani. Jiya an yi gardama kan rijiyar zango, ba wanda ya ce a jira ni. Na san amsar. Na riƙe bakina.

Sada ya kafa doka, duk wanda ke da dangi a kamfani ya faɗa. Mutum ɗaya dokar ta shafa.

Malama Iklima ba ta dawo ba. Na aika mata saƙon ita kaɗai. An nuna ta saurara.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan La'asar

Waccan ta zo. Ta durƙusa bakin ƙofa ta gaishe ni, na ajiye jaridar. Ba ta san inda za ta sa idonta ba, ni ma haka, muka dubi tabarma tare.

Ta ce ta saurari saƙon. Hajiya daga madafa ta ce a faɗi gaskiya, sau nawa? Can waccan ta ce ba ta taɓa sanin yadda sunanta yake a bakina ba, ashe ina jan tsakiyarsa.

Don in kau da zancen na tambaya ko ba za a iya dawo da Iya ba a ƙari na gaba, ko don Malama Iklima. Ta girgiza kai. Ta ce, "Baba, kai ka ba ni labarin. Ta fita ba ta dawo ba. In na dawo da ita don a huce, ni ma na ƙara taku guda a awo."

Haka ne. Ina ɗan shekara tara aka fita da gawar kakata ta Ƙofar 'Yandaka, ina tsaye ina kallo.

Da za ta tafi na so in kira ta in ce ta gaida mai gidanta. Na buɗe baki, "waccan" ce ta fito. Ta juyo ta amsa kamar kullum. A gaban zaure na iya, a gabanta ban iya ba tukuna.

Hajiya ta ce takarda ba ta da tukunya bisa wuta, ba ta kuma da ido. Bari in fara da nan.

Rahinatu.